An tono tsingaro a filin da zan yi gini kusa da Nok: in ci gaba ko in dakata?

Alhaji Sabo Mai Citta: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, a yi mini ita tsakani da Allah. Da yawanku kun san harkar citta ce ke fitar da ni daga Jos zuwa Kafanchan da Kwoi. Bara na sayi fili a wani ƙauye na ƙasar Jaba, ba nisa da garin Nok, da niyyar in yi ɗaki uku da sito, in huta da kwanan masauki lokacin kaka. Cikin makon nan leburori suka fara haƙar ramin ƙasar bulo. Da rami ya kai gwiwa sai ƙasar ta sauya, ta koma baƙa-baƙa mai gawayi, ga tsingaro birjik, wasu da zane a bakinsu. Sun fito da dutsen niƙa, da wani guntun gasasshen yumɓu mai kama da hannun mutum, har da yatsu da warwaro. Wani malamin makaranta a garin ya ce kada in zuba fandisho sai masu binciken kayan tarihi sun zo sun gwada wurin. Birkila kuma ya ce in damina ta kankama, aiki sai baɗi. Ga hoton abin da aka samu. Me kuka gani?

Ɗan'asabe: Wa alaikumus salam. Alhaji, rufa wa kanka asiri. A mayar da ƙasa, a zuba kankare, kowa ya kama bakinsa. Ranar da ka kira hukuma, ranar ka yi sallama da filinka. Za su zo su kafa allo su zagaye da waya, kai kuma ka kama zirga-zirgar neman diyya har furfura ta gama cinye ka.

Hajiya Gambo: Ni abin da ya fara zuwar mini, anya ba tsohuwar maƙabarta ba ce? Ka tambayi wanda ya sayar maka?

Rahila: Kawu Alhaji, ina wuni. Kafin komai, don Allah a sauke hoton nan. Ana ganin dutsen da ke bayan filin, duk wanda ya san yankin zai gane wurin. Mutum nawa ne a zauren nan, kuma wa ya san inda za a tura shi?

Shugaban Zaure: Na goge. Wanda ya riga ya sauke a wayarsa ya ji tsoron Allah kada ya yaɗa.

Rahila: Na gode, Yallaɓai. Kawu, a Zariya na karanta fannin binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa, kuma abin da ka kwatanta ya yi kama da ramukan mutanen Nok, wato mutanen zamanin da da suka zauna a yankin suna gasa mutum-mutumin yumɓu, ko da yake ba a yanke hukunci daga hoto. Su mutum-mutumin nan kusan duk a farfashe ake samunsu, an zuba su cikin rami tare da gawayi da tsingaro da duwatsu. Wanda ke sa ran tono cikakken mutum-mutumi irin na cikin gilashin gidan tarihi, da wuya.

Gwajin da malamin ya faɗa ba wani abin tsoro ba ne. Da farko a bi filin a ƙafa, a duba abin da ruwa ya wanko sama da bangon ramin da aka riga aka haƙa. Sannan a ɗauki zanen gininka, a yanka ƙananan ramuka, mita ɗaya faɗi mita ɗaya tsawo, a inda ginin zai zauna: kusurwoyi, tsakiya, wurin masai, wurin rijiya. Ba da diga ake shiga ba. Da cokalin gini ake kankarewa, kamar santimita 10 a kowane hawa, ana tankaɗe ƙasar da rariya, ana sa abin da ya fito daga kowane hawa a ledarsa da takardarsa, har a kai ƙasar da hannun ɗan Adam bai taɓa taɓawa ba. In ramukan sun fito wayam, bismillah, ka yi gininka. In abin ya taru a gefe guda ne, ko a matsar da ginin, ko a kwashe gefen a tsanake a rubuta komai, sannan a gina. Fili ɗaya na gida ba aikin wata da watanni ba ne.

Ɗan'asabe: Ƙanwata, wannan karatun aji ne. Wa zai biya?

Rahila: Can ne gizo ke saƙar, Yaya. Zan dawo kai.

Barista Hauwa: Bari in raba muku maganar gida biyu, don ana cakuɗa su.

Dokar da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ita ce doka mai lamba 77 ta 1979. Ba ta ce duk mai gina gida a ƙauye sai ya yi gwaji kafin ya sa harsashi ba. Dokar auna illar ayyuka ga muhalli ta 1992 ma manyan ayyuka take nufi, irin su madatsar ruwa da manyan hanyoyi da ma'adinai, ba ɗaki uku da sito ba. Da a ce Alhaji bai ga komai ba, babu mai tilasta masa.

Amma ya gani. Dokar 1979 ta ce wanda ya ci karo da kayan tarihi a ƙasa ya sanar da hukumar da kuma ƙaramar hukumarsa cikin kwana 7, ya faɗi wurin da yadda aka yi aka samu. Ta hana kowa haƙa don neman irin waɗannan kaya sai da izinin hukumar da yardar gwamnatin jiha. Ta hana saye da sayar da su sai ta hannun wanda aka amince wa, ta hana fitar da su waje babu takarda. Ke nan ko gwajin da Rahila ta kwatanta, Alhaji ba zai ɗauko ɗalibai biyu su yi masa a ɓoye ba. Sai da izini.

Alhaji, kwana 7 ɗin nan sun fara tafiya.

Alhaji Sabo Mai Citta: To Barista, maganar ƙwace fili fa? Ita ce ta hana ni barci. Cutar da ta faɗa wa citta a 2023 ta karya mu, da ƙyar na haɗa kuɗin wurin nan.

Barista Hauwa: Ba zan ce maka tsoron ba shi da tushe ba. A dokar filaye ta 1978 ƙasa tana hannun gwamna, yana iya soke haƙƙin mutum saboda amfanin jama'a, kuma diyyar da ake biya ta abin da ka gina ko ka shuka ce, ba ta ƙasar kanta ba. Haka nan hukuma na iya neman a ayyana wuri a matsayin wurin tarihi na ƙasa, amma wannan doguwar hanya ce, sai an buga sanarwa a jaridar gwamnati an saurari mai wurin. Duk faɗin Nijeriya wuraren da aka ayyana haka ba su kai 100 ba. Su kuwa wuraren da aka ga kayan Nok ɗaruruwa ne, kuma gonakin mutane ne, ana noma su har gobe. Gwamnati ba ta da abin da za ta yi da ramin tsingaro a bayan sitonka.

Ɗan'asabe: A takarda ke nan. Ni na san Nijeriya.

Injiniya Bala: Ɗan'asabe, bar batun tarihi, zo mu yi batun gini. Baƙar ƙasar nan da Alhaji ya gani ciko ce. Wani ya haƙa rami a da, ya cika shi da toka da shara. Ko ya shekara dubu biyu, ba zai yi ƙarfin jar ƙasa ko marmarar da ke kewaye da shi ba. In rabin bango ya hau marmara, rabi ya hau ciko, damina biyu ko uku za ka ga tsaga ta taso daga ƙasan taga ta yi sama a karkace. Mu nan Jos ai ba baƙon abu ba ne. Je ka wajen Bukuru da Rayfield ka ga gidajen da aka ɗora kan cikon ramukan kuza. Ni ko babu tsingaro ko ɗaya, ba na yarda a zuba fandisho sai na haƙa ramukan gwaji na ga ƙasa da idona. To tunda za a haƙa ɗin, me zai hana masu rariya su tsaya a kai? Rami ɗaya, aiki biyu.

Malam Tukur: Ni tambayata daban ce. Gumaka ne fa. Musulmi ya tsayar da aikinsa, ya kashe kuɗinsa, don a adana gunki?

Hajiya Gambo: Malam, ai ba bauta masa aka ce ya yi ba.

Malam Tukur: Na sani, Hajiya. Kuma na san Alƙur'ani ya ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabata ya kasance. Ban ce a fasa ba. Cewa nake kada ya kai shi gida ya ajiye a falo, kuma kada ya ci kuɗinsa. In akwai hukumar da aikinta ke nan, ya miƙa ya huta. In kuma kabari ne, to ko na wane ne, ba a ɗora masai a kai.

Rahila: Malam, maganar kabari tana da wuyar sha'ani a yankin. Ƙasar wurin tana cin ƙashi, shi ya sa ba a samun ƙasusuwa. Abin da masu bincike suke ɗauka kaburbura ne shi ne inda aka jera duwatsu, ga tukunya ɗaya ko biyu cikakku a gefe, wani lokaci da duwatsun wuya a jere kamar yadda suke a zare. Lebura mai diga ba zai taɓa lura da wannan ba. Duwatsu zai gani ya watsar.

Shi ya sa nake cewa abin da ake tsoron rasawa ba hannun yumɓun ba ne. Irinsa suna da yawa a gidan tarihi na nan Jos. Abin da ba a da shi da yawa shi ne wanda aka samu a kwance inda masu shi suka bar shi. Na farko da aka sani an tono shi a 1928 a wurin haƙar kuza kusa da Nok. Wani kan da aka samu wajen Jama'a a 1943, wani ma'aikacin kuza gonar doyarsa ya kai shi ya kafa yana korar tsuntsaye, kafin a kawo shi Jos wurin Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihin nan a 1952. Duk waɗannan ruwa ne ya kwaso su ya zube cikin yashin kuza, babu wanda ya san gidan da suka fito. Sai da Fagg ya haƙa Taruga, kusa da Abuja, a shekarun 1960, ya samu kayan tare da matoyar tama, sannan aka tabbatar mutanen nan suna narkar da ƙarfe ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa.

Daga 2005 masu bincike na jami'ar Frankfurt ta Jamus suka yi aiki tare da hukumarmu da jami'o'in Jos da Zariya. Daga ƙonannun ƙwayoyin da suka tace cikin ƙasa aka san gero da wake suke ci, har da atili, wannan dai da ake sayarwa a bakin kasuwar Terminus ta nan Jos. Daga gwajin ƙwayoyin geron aka san sun fara zama a yankin tun wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa, mutum-mutumin kuma daga wajen 900. A 2021 aka fitar da sakamakon gwajin maiƙon da ya shige jikin tsingaro, aka ga kakin zuma, wato suna ɗiban zuma tun kimanin shekara 3,500 da suka wuce. Duk wannan daga gawayi da tsingaro ne, abin da ake kwasa da cebur a zubar. Kawu, kada a wanke ko guda ɗaya. Kada a haɗa na rami daban-daban a buhu ɗaya.

Alhaji Sabo Mai Citta: 'Yata, hannun kam yaro ya riga ya wanke shi da omo don in gani da kyau.

Rahila: Ya wuce. Sauran a bar su da ƙasarsu.

Malam Yakubu: Alhaji, barka da yamma. Na yi shiru ne ina karantawa, don ƙasarmu ake magana a kai. Ni Ham ne, wato ɗan ƙabilar Jaba, can aka yanke mini cibiya, aikin koyarwa ne ya kawo ni Jos.

Ɗan'asabe ya ce kowa ya kama bakinsa. Bakin wa? Leburorin 'yan garin ne. Kafin ka ɗora hoton nan, an riga an yi hirarsa a wurin mai shayi da bayan coci. Abin da ba ka so shi ne a ce baƙo ya sayi fili, ya tono kayan kakanni, ya ɓoye. Ko ba ka sayar ba za a ce ka sayar, kuma za a faɗi kuɗin da ba ka taɓa gani ba. Kai da za ka zauna da mutane shekara da shekaru kana sayen cittarsu, ba ka bukatar wannan. Tun kafin takarda ta isa ofis, je wurin mai unguwa da dagaci, kai da wanda ya sayar maka, ka nuna musu abin a gaban shaidu.

Na ga abin da haƙar neman kayan Nok ta yi a shekarun 1990. Samari suka ajiye fartanya, dillalai suka zo da kuɗi, gona guda sai ta koma ramuka kamar an yi ruwan bama-bamai. Shanu suna faɗawa, mai gona ba ya iya sa garma. Wanda ya haƙo ya samu na cefane, abin ya ƙare a Faransa ko Beljiyam. Har a 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Nok cikin jerin waɗanda ta gargaɗi kowa kada ya saya. Masu haƙar ba su ƙare ba. In labari ya kai musu kafin ya kai ga dagaci, da dare za su zo, kuma ba za su tsaya a ramin bulo ba.

Rahila: Baba, duk na yarda. Gyara ɗaya kawai: binciken bai nuna cewa wata ƙabila ta yau ce ta fito kai tsaye daga mutanen nan ba. Sunan garin aka ba su don can aka fara samu, amma kayan sun bazu daga kudancin Kaduna har Abuja da Nasarawa da Neja.

Malam Yakubu: 'Yata, wannan ki faɗa a jami'a. In kin zo Kwoi ranar bikinmu na Tuk Ham kada ki faɗa. Mu ne a kan ƙasar, mu muke tuntuɓe da su a gona, sunan garinmu suke amsawa. Ko ba jini, akwai riƙo.

Rahila: Riƙon kam ban musa ba, Baba.

Dakta Aminu: Gaisuwa daga Ingila. Nan tun 1990 aka ɗora abin a kan mai gini. In filinka yana kusa da wurin tarihi, ƙaramar hukuma na iya sa maka sharaɗi a takardar izinin gini cewa sai an yanka ramukan gwaji, kai za ka ɗauko kamfanin masu binciken, kai za ka biya. Mutane suna ƙorafi, amma an saba, ana sa shi cikin lissafi tun farko.

Ɗan'asabe: Dakta, can in ka biya ka san ranar da za su zo da ranar da za su tafi. Kuma har yanzu ba a ba ni amsa ba. Wa zai biya wa Alhaji?

Rahila: Gaskiya ita ce babu wani asusu da aka ware wa mai ƙaramin gini irin Kawu. Mai yiwuwa man mota da abincin waɗanda za su zo da ladan leburori su faɗo kansa. Gwajin shekarun gawayi galibi waje ake aikawa, wannan ba nasa ba ne, ba kuma sai an yi shi kafin ya yi gini ba. Hanyar da na ga ta fi sauƙi ita ce sashen koyar da fannin a jami'ar Jos ko ta Zariya. Dole ne ɗalibansu su fita aikin fili, kullum ana neman wurin da mai shi ya yarda kuma gari ya yarda. In hukuma ta ba da izini, su sun samu wurin koyo, shi ya samu masu aiki.

Injiniya Bala: Sai dai batun tsaro. Tun da aka sace Farfesa Peter Breunig na jami'ar Frankfurt da abokin aikinsa a wajen Janjala, ƙaramar hukumar Kagarko, a Fabrairun 2017, har aka kashe mutum biyu 'yan garin da suka bi sawu, ba kowane malami ne zai kwashi ɗalibai ya kai daji ba.

Malam Yakubu: Janjala daban, wajenmu daban, Injiniya. Filin Alhaji cikin gari yake. In dagaci ya karɓi baƙi, shi zai san inda za su kwana.

Ɗan'asabe: To ni dai na faɗi tawa. Mutum da kuɗinsa da filinsa, ya koma mai kai takarda ofis-ofis, yana ciyar da ɗalibai. In ginin ya kai baɗi ku za ku biya masa masauki?

Hajiya Gambo: Kai ma da naka. Amma a nan ɗin yana da gaskiya, Barista. Doka ta ce ka kai rahoto, ba ta ce ga ranar da za a amsa maka ba.

Barista Hauwa: Shi ya sa za a rubuta takardar da wayo. Alhaji, kwafi uku: ɗaya ga hukumar gidajen tarihi, ɗaya ga sakataren ƙaramar hukumar Jaba, ɗaya taka, a buga mata hatimin karɓa da kwanan wata. A ciki ka faɗi ranar da aka samu, abin da aka samu, cewa ka dakatar da haƙa a wannan gefen, da ranar da kake shirin fara fandisho, kana roƙon a zo a duba kafin nan. Filin yana jihar Kaduna, don haka kada ka yi mamaki in nan Jos suka tura ka gidan tarihi na Kaduna ko ƙaramin da ke Nok. Ka sauke nauyin da doka ta ɗora maka, kuma kana da shaida a hannu. Turo mini bayanan ta akwatina, zan tsara maka ita yau da dare.

Injiniya Bala: Kafin nan aiki ba sai ya tsaya cak ba. A sayo ƙasar bulo daga wani wuri, a ci gaba da bugawa a can gefen hanya. Ramin kuma a shimfiɗa masa leda, a mayar da ƙasa sama-sama, kada ruwan farko ya zabtar da bangonsa. Turo mini zanen, in ga ko sito zai iya komawa gabas.

Alhaji Sabo Mai Citta: Na gode, Allah ya saka. Na kira birkila na ce a bar ramin, ya yi ta gunaguni. Ɗan'asabe, ban ce ba ka da hujja ba, kuma in har ruwa ya sauka ban ji daga kowa ba, zan dawo zauren nan mu sake lissafi. Amma maganar Malam Yakubu ce ta kama ni, don tun ɗazu ƙanin wanda ya sayar mini ya kira yana tambaya wai me aka samu. Litinin zan kai takarda gidan tarihi, Talata in wuce Kwoi. Rahila, za ki iya raka ni ofishin? Ban san ƙofar da ake shiga ba, iyakata gidan namun daji da jikoki.

Rahila: Zan zo, Kawu, ƙarfe 9. Ka taho da hotuna a waya, kayan kuma a bar su can a kulle har a je gaban dagaci.

Malam Yakubu: Talatar ku biyo ta Bukuru ku ɗauke ni, na fi ku sanin yadda ake shiga fadar. A nemo goro mai kyau, kuma a kira ƙanin nan a ce ya same mu can, kada ya ji daga bakin wani.